Ruwa a Gefen Uwargida

Zuwa ga Uwargida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Auta, da jaririn da ya ƙwace mini mata ba tare da ya nemi izini ba. Nan ma lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi.

Dalilin wasiƙar nan, motarmu ta shiga uku. Ran Lahadi na rage wa telan layinmu hanya, ya zauna a kujerarki. Muna shan kwanar asibiti sai ruwa ya tsiyayo masa daga ƙarƙashin dashbod. Ya sauka da jiƙaƙƙen wando, yana yi mini godiya irin wadda ba ta kai zuci ba.

Na yi kuskuren gaya wa ɗanki Likita. Kin san shi, bai ga mara lafiya ba ya yanke hukunci. Ya ce lagireto ne, ƙasan motar ma ya ruɓe, ƙarshen wata zai turo masu sayen ƙarfe su ɗauke ta, shi kuma ya aiko da sabuwa. Na tuna masa cewa a bayan motar nan ya yi haddar karatun da yake yi mini taƙama da shi, a cikinta kuma ya yi amai ranar jarrabawarsa ta farko. Ya ce tarihi ba ya hana tsatsa.

Na ɗaga tabarmar roba ta gefenki, sai na tarar da tsohon tawul ɗinmu mai ratsin kore, an ninke shi da kyau, ninki irin naki. Ina neman bayani.

Ki shafa mini kan angon naki.

Mijinki,
Malam Ƙamus

*

Zuwa ga Uwargida,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙafarki, yaya mai jego? Amsarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune.

Ashe tun kafin auren Auta motar ke yoyo, kina canza tawul kina shanyawa a bayan kicin. Kin ce kin yi shiru ne don kin san ɗayan biyu za a yi: ko in kwance motar da kaina kamar yadda na yi wa fankar falo, ko Likita ya raba mu da ita. Maganar fanka ba adalci a ciki, amma na bar ta.

Wannan karon littafin motar na ɗauko, ba sukundireba ba. Na shinshina ruwan, ba wari, ba kala, ba santsi, ke nan ba na lagireto ba ne. Ba ya zuwa sai an kunna esi. Na bar ta a kunne a ƙofar gida na durƙusa ina leƙen ƙasanta, maƙwabta na tambaya ko na yar da wani abu ne. Ƙasa a bushe. Duk esi mai lafiya yana gumi, akwai ɗan tiyo da ke fitar da gumin waje. Namu ya toshe, ruwan ya rasa hanya sai ƙafafunki.

Bakanike ya shiga rami, ya zura waya a tiyon, ya bi shi da iska. Laka ta fito, da ruɓaɓɓen ganyen bishiyar da nake fakin a ƙarƙashinta a makaranta tun ina da baƙin gashi. Ya ƙwanƙwasa ƙasan motar ya ce ƙarfen lafiya lau, tawul ɗin ne ya tsare shi. Na sa ya maimaita wa Likita a waya. Ɗanki ya ce, "To Baba, a bar muku kayanku." Mun cire kafet mun shanya, yanzu tana ɗiga a waje kamar motar mutane.

Sai a hanyar dawowa wani abu ya faɗo mini. Shekara da shekaru ina yi miki tsiya a kan silifas ɗin roba da kike sawa har gidan biki, ina cewa na auri mace mai leshi a sama, banɗaki a ƙasa. Ke kuwa sai ki yi murmushi ki kalli taga.

Ki gaya mini ranar da za ki taso, ni zan zo tasha. Zan taho miki da takalman nan masu duwatsu da ke cikin kwali a saman kabad. Na goge su. Ki sa su a mota.

Mijinki,
Malam Ƙamus