Ranar da Aka Zo Rubuta Masu Ciki

Zuwa ga mahaifiyata, Mma Hawa mai koko,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan rahamar Allah tana tare da ke, akwai maganar da na kasa yi miki kina raye.

Kin tuna shekarar yunwa, da masara ta ɓace a kasuwar unguwarmu Nima har kika kife tukunyar kokonki? Ina da cikin fari wata bakwai, mijina Sule ya kawo ni gidanki in haihu. Ƙashin wuyana ya fito, kina yi mini tsiya wai ba sai an saya mini sarƙa ba.

Sai ga ma'aikatan gwamnati biyu da littafi, suna bin gida-gida suna rubuta masu ciki da masu goyo, don a ba su katin madara da garin masara. Ke kuwa tun korar baƙi daga Ghana, da aka loda ƙanenki a mota zuwa iyaka, ba kya ƙaunar ganin biro a hannun ma'aikaci. Ga shi cikin fari ba a faɗarsa gaban baƙo. Kika tare ƙofa kika ce wa babbansu, "Massa, ranka ya daɗe, nan gida ba mai ciki. Mu duka nan Ghana aka haife mu."

Maƙwabciyarmu Adiza ta ba da sunanta, duk mako tana dawowa da ƙullin gari a ka. Da muka gane abin gaske ne, muka taka har ofishinsu a unguwar Maamobi, aka ce an rufe littafi, kuɗin ba zai kai a ƙara kowa ba. Adiza tana sam mana, amma ita ma baki biyar take ciyarwa.

Na haifi 'yar mitsitsiyar yarinya, nono ya ƙi zuwa. Aka raɗa mata sunanki ba rago. Kwananta goma sha ɗaya a duniya.

A layinmu, shekarar nan wanzami ya fi zuwa jana'iza fiye da suna. Ni da Sule muka ce mu dakata da haihuwa har abinci ya sauko. Ya sauko, sai asibiti ya koma na kuɗi, muka ƙara dakatawa. Da muka shirya, ciki bai sake zuwa ba.

Har kika rasu kina cewa ke kika kashe mini ɗiya, ni kuma ban taɓa ce miki a'a ba. Kin ɗauka barci nake ranar da ma'aikatan nan suka zo. Mma, idona biyu. Ina bayan labule ina jin komai, taku uku ne tsakanina da littafin, kunya ta hana ni fitowa. Na bar ki da nauyin nan ke kaɗai shekara tara, yanzu kuma ba ni da inda zan same ki in karɓi rabona.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da takwararki. Ki yafe mini, Mma.

'Yarki,
Ramatu