Ragar da suke so su sa mini, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo. Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da fatan rahama ta kai miki inda kike kwance.

Daga birnin Sabha, can ƙasar Larabawa, nake rubuto miki, unguwar Abdulkafi. Tun da na haifi Sa'adu, in na yi tari ko dariya, ko na ɗaga jarkar ruwa, sai fitsari ya zubo. Alwala ba ta zama. Na gaji, Inna.

Likita ta ce aiki za a yi, a ɗaura wani siririn abu ƙarƙashin hanyar fitsari ya tallafe ta kamar majanyi. Ko dai raga ta roba, ko a yanko tantani daga marata. Ta daɗe tana bayani da Larabci, amma matar da ke fassara mini ta ce kawai ragar ta fi sauƙi. Ina sauran maganar ta tafi? Sai da na matsa ta ƙara cewa wasu matan ragar takan ci musu nama, kuma fitar da ita aiki ne babba.

Baban Sa'adu yana aikin dabino a Zighan. Raga suke rufe nonnan dabinon da ita, na kuma ga yadda take ruɓewa a hannu. Da na gaya masa, ya yi mini dariya, wai wannan daban, waccan daban. Wataƙila. Ba a jikinsa za ta zauna ba.

Amma ke ma ina zarginki, Inna.

Na tuna zane biyu kike ɗaurawa ko da zafi. Gidan biki a bakin tabarma kike zama, kusa da ƙofa. In an ba da labarin ban dariya sai ki matse baki ki tashi, har aka ce ba ki da fara'a. Idi ma kin daina zuwa, wai ƙafa. Ba ƙafa ba ce, ko? Da kin gaya mini, da ban yi ta jin haushin fuskarki ba.

Kin sha ce mini in zane ya yage, daga gefensa zan yanko maho. Na gaya wa likita ta yanko daga jikina. Ta ce jinyar ta fi tsawo, kuma shi ma ba tabbas. Na yarda, ko da yake ina tsoro.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa ki inda babu abin ɓoyewa. In na tashi lafiya, zan zauna tsakiyar tabarma in yi dariya, tawa da taki.

'Yarki,
Rabi