Mai Sayar da Kifi Ta Tozarta Azurfata a Gaban Iyali

Malama Herminia,

Ki agaza min da shawara kafin in aikata abin da ba zai gyaru ba. Shekaruna sittin da takwas, na yi ritaya daga kantin magani a nan Sevilla, kuma shekara talatin ke nan ina tara tsoffin kuɗin azurfa. Duk Lahadi ina dandalin Cabildo inda 'yan harkarmu ke baje teburansu. In mutum ya yi shakkar tsabarsa, ni ake kawo wa. Na sha mayar da mutane gida da kunya, ban kuma taɓa tausayin wanda ya sayi tarkace ba.

'Yata Nieves za ta yi aure a watan Mayu. Tsaba goma sha ukun nan da ango ke zuba wa amarya a hannu a coci, na ce daga akwatina za su fito. Ta goma sha ukun ce abin alfaharina: tsaba guda mai darajar riyal takwas, mai hoton sarkinmu Carlos na Huɗu, da ɗan ƙaramin kan sarkin Ingila a wuyan hoton, tambarin da aka riƙa bugawa a 1797 lokacin da azurfa ta yi wa Ingilawa ƙaranci. Har shafi huɗu na rubuta a kanta a mujallar ƙungiyarmu, da hoto.

Lahadin da ta wuce muka gayyaci dangin ango cin abincin rana. Bayan an kwashe farantai na jera tsabar a kan ƙyalle ina bayani. Uwar angon, Angustias, kifi take sayarwa a kasuwar Triana, muryarta kamar tana kiran wani daga tsallaken kogi. Ko maiƙon hannunta ba ta goge ba ta ɗauki tsabar, ta murza da babban yatsa, ta karkata ta wajen taga. Wai, "Suruki, 1797 ka ce? Ni dai 1807 nake gani. An yi mata baftisma shekara goma kafin a haife ta ke nan?" Kowa ya tuntsire da dariya, har da matata. Na ce mata ta tsaya a kan sardin ɗinta, wannan ba harkar 'yan talla ba ce. Nieves ta tashi ta fita, tun ranar ba ta ɗaga wayata ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba: washegari na sa madubin ƙara girma. Lambobin tsakiya sun ɗan shafe, amma 1807 ce. Cikin tambarin kuma yana ƙyalli kamar sabon cokali, alhali sauran jikin ya yi duhu, gashin sarkin Ingilan ya cakuɗe kamar kunu. Nauyinta daidai ne, ƙararta daidai. Amma ko ma mene ne, matar da ba ta gama firamare ba ce za ta gyara min magana a teburina? Ina so in ce ba zan raka Nieves gaban limamin coci ba sai Angustias ta ba ni haƙuri. Matata ta ce na haukace.

Wanda Aka Raina, Sevilla

Malam Wanda Aka Raina,

Matarka ta sassauta maka.

Mu fara da tsabar, tunda ita ka fi damuwa da ita. Daga bayaninka, azurfar ta gaske ce, tambarin ne na bogi. Tsohuwar dabara ce: a samo riyal na gaske mai araha, a buga masa sabon tambari, a jira masani irinka. An daina buga wannan ɗan tambarin tun kafin a ƙera tsabarka, kuma tambarin da ya shekara ɗari biyu tare yake tsufa da jikin da ke ɗauke da shi, ba ya walƙiya. Ka san wannan sarai, da shi ka riƙa kunyata bayin Allah. Da abin ya zo kanka, ka karanta shekarar da ranka ke so. Ka kai ta wurin mai tantancewa wanda ba abokinka ba ne, ka karɓi sakamako a rubuce.

Angustias fa? Na yarda, da ta ja ka gefe da ya fi kyau, dariya a gaban iyali da ciwo. Amma kai ka buɗe aji a kan tebur, ita kuma ta ci jarrabawa. Matar da kullum ake kawo wa kifin jiya a ce na yau ne ba ta buƙatar takardar firamare kafin ta duba kaya. Ita wasa ta yi da tsaba, kai kuwa sana'ar da ta ciyar da angon 'yarka ka zaga a gabansa. Auna ka gani wa ya fi cancantar haƙuri.

Maganar ƙin raka amarya kuwa, kada ka sake furta ta ko a gaban madubi. Nieves ba ta buga tambari ba, ba ta kuma karanta shekara ba.

Ka je Triana da safe, lokacin da layi ya fi tsawo, ka ce mata a gaban masu sayenta, "Suruka, ke ce da gaskiya." A gaban jama'a ka yi zagin, a gaban jama'a za ka janye shi. Ka rubuta wa mujallarku gyara da hannunka kafin wani ya rubuta maka, layi huɗu sun isa. Sannan ka tafi gidan 'yarka da ƙafarka, ban da waya, ka tambaye ta ko har yanzu tana son ka riƙe hannunta ranar auren. In ta yi jinkirin amsawa, ka zauna ka jira, ka yi shiru.

Allah ya sanya albarka a auren, ya kuma ba ka jikokin da za su riƙa gyara maka magana.

Herminia