Tsohon da Na Bari a Ƙofa ta Huɗu

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ga saƙonki na taya ni murnar ƙarin albashi. Na gode. Ƙarin dai tun bai shigo hannu ba 'yan kasuwa suka riga mu jin labarinsa, har mai gidan haya ya zo gaishe ni. Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Wani abu ne ya tsaya mini a wuya.

Kin san aikina a filin jirgi tura keken marasa lafiya ne. Ranar yajin aikin neman ƙarin nan, ƙungiyarmu ta ma'aikata ta ce ƙarfe goma na safe kowa ya saki abin da ke hannunsa. Ni kuwa abin da ke hannuna wani tsoho ne mai shanyewar ƙafafu, za shi wurin 'yarsa ganin likita. Ana busa usur na ja masa birki a ƙofa ta huɗu, na ce ya jira ni, yanzu zan dawo. Ƙarya nake, Yaya. Tsoro nake kada a ce ni 'yar kamfani ce.

Muna waje muna waƙa, ina riƙe da kwali, ina hango shi ta gilashi. Sau biyu ya ɗaga mini hannu, na kawar da kai. Aka soke jirgin, fasinjoji suka watse, shi yana nan har awa shida kafin a zo a ɗauke shi.

Jiya mai sharar wurin ta kawo mini jakata, wadda na ɗauka ta ɓace a hayaniya. Ashe a hannun kekensa na rataye ta. Ta ce sai da ta goge ƙarƙashin keken, yana sunkuyar da kai yana ba ta haƙuri. Tun farko ta so ta kai shi ban ɗaki, ya ƙi. Wai yarinyar nan ta bar masa amanar jakarta, kada ta dawo ta rasa inda yake.

Haƙƙinmu muka nema, ban ce mun yi laifi ba. Amma kunya ta hana ni buɗe jakar nan, tana rataye a bayan ƙofa. Don Allah kada ki gaya wa Inna.

A gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Auta