Bindigar Roba a Kan Tudu

Asabar, 7 ga Oktoba

Na sayo ta. Bindiga mai sakata, baƙa, jikinta roba kamar bokitin wanki, ita ce mafi araha a bangon shagon, da madubin saiti a ɗaure a bayanta. Mai shagon ya so ya ja ni wajen masu katako mai sheƙi, wai dattijo kamata ya cancanci abu mai kyau. Na ce masa barewa ba ta duba katako.

Lorraine ce ta ba ni wannan littafi, wai in riƙa rubuta lokacin shan magani. 'Yata ce, ba likitana ba. Zan rubuta abin da na ga dama. Tun ina aji shida na bar makaranta na bi babana yankan katako, in rubutun ya karkace ba mai gani.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Bari in rubuta dalili ko na huce. Dokar sansanin farautarmu tun zamanin iyayenmu: wanda ya harbi barewa ya kuskure, a yanke jelar rigarsa a kafa a bango da ƙusa. Jela uku a jere, ka rasa wurin kwantonka, a ba wani, kai kuma a kai ka bakin gonar dankali kusa da titi, inda ba abin da ke wucewa sai motoci.

Nawa biyu suna bango, na bara da na bara waccan. Wendell ne ya yanke su, ƙanin matata Ilene, Allah ya jiƙanta. Shi ke riƙe da wuƙa don wai shi ne shugaba, shugabancin da ba wanda ya ba shi, janareta kawai ya saya. Na bara har kusan kafaɗa ya yanke, sabuwar rigar ulu ja, yana yi yana waƙa.

Tudun Duwatsu nawa ne. Ina zaune a kansa tun kafin Wendell ya san yadda ake aske gemu. So yake ya ba Curtis, mijin 'yarsa, kowa ya sani. In na kuskure bana, shi ke nan.

Tsohuwar bindigar babana ce ta gaji. Ba idona ba ne, ko me Lorraine za ta ce.

Laraba, 11 ga Oktoba

Madubin ya sare ni a gira. Ban taɓa harbi da shi ba, na manna ido, bindiga ta yi baya. Jini har wuyan riga, harsashin kuma ko kwalin da na kafa bai taɓa ba. Na ce wa Lorraine ƙofar kabad ce.

“Baba, yaushe ƙofar kabad ta zama mai zagaye?”

Halin uwarta sak.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Ashe kusoshin madubin ne ba su ɗauru ba. Na ɗaure su da kaina. Na manna farantin takarda a jikin matacciyar motar nan ta bakin daji, na zauna a bayan rumbu, na ɗora bindigar a kan buhun abincin kaji. Harbi uku. Da na je dubawa, marfin kwalba ya rufe ramukan duka. Na koma na sake, haka.

Sakatar tana kartar hannu kamar da yashi a cikinta, kunamar kuma sai ka ja kamar kana roƙonta. Amma inda ka ce ta sa harsashi, nan take sa shi. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Farantin yana aljihuna.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Bayan coci, wajen shan kofi, Wendell ya riga ya ji labari. A gaban mutane ya tambaye ni ko gyara aka ba ni ita da na sayi bokiti. Ya ce kar in ajiye ta kusa da murhu, za ta narke ta ɓata musu daɓe. Aka yi dariya, har matar fasto.

Na fito da farantin na ajiye masa kusa da kofinsa. Ya ɗaga shi wajen haske ya ce fensir mai kyau na samu.

Wannan mutumin. Ya ari injin kwale-kwalena ya dawo da shi a mace, ya ce haka ya same shi. Ranar jana'izar Ilene shi ya zaɓi waƙa, ba wanda ya tambaye ni, ni da na zauna da ita. Ban manta ko ɗaya ba.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Na goge man sakatar tas, ta bushe, yadda babana yake yi kafin sanyi. Na kwantar da bindigar a babban firjin nama ta kwana tsakanin kifi da naman alade. Da safe na fito da ita fara fat da ƙanƙara, na harba. Ta tashi. Tsakiyar faranti.

Lorraine ce ta buɗe firjin jiya da yamma tana neman kifi. Da ta ga bindigar sai ta rufe, ta zauna ta daɗe tana kallona.

Talata, 14 ga Nuwamba

Sansani. Mu shida bana. An hura ɗakin wankan turiri, an ci burodin nama da dankali da matar Curtis ta naɗo mana, albasar ta yi yawa.

Da rana na ga sawun takalmi a kan tuduna. Curtis ne, ya je da igiyar awo yana duba inda zai kafa rumfarsa baɗi. Da na tare shi sai ya kama sosa ƙeya, ya ce mini, Baba Arvo, iska kawai na zo sha. Na ce iskar can tana da mai ita.

Wendell ya shigo da tasa bindigar ciki, mai katakon nan da ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. Ya zauna gefen murhu yana ɗura mata mai kamar mai yi wa jariri wanka, ya kwantar da ita a kan bargo. Tawa na rataye a ƙusar baranda, a waje, inda iyayenmu suke rataye nasu. Ya ce ai ko ɓarawo ya zo zai bar ta ya ɗauki ƙusar.

Sannan ya ce, “Suruki, gobe ka sa tsohuwar riga, kar mu yi asarar sabuwa.”

Sabuwar zan sa.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Buɗe farauta. Bareyi mata biyu da ɗansu suka wuce, ba namiji. Gwiwa ta dame ni. Ban harba ba, ban kuskure ba.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Yau ce.

An kwana ana yayyafi mai daskarewa, da safe sanyi ya sauko har gashin hanci yana ƙagewa. Bindigar ta yi sulɓi da ƙanƙara a baranda, na buga ta da tafin hannu, na hau tudu. Sau biyu na tsaya a hanya. Ba gajiya ba, sawu nake dubawa.

Rana ta ɗaga, na fara tunanin kofi, sai na ga wani abu ya motsa can ƙetaren rafi, cikin ƙananan itatuwa. Da ido ba komai sai duhu-duhu, kamar kututture. Na ɗaga madubi. Kututturen yana da ƙaho, reshe huɗu kowane gefe, wuya kamar na bijimi. Nisan ya fi na rumbu zuwa matacciyar mota. Da tsohuwar bindigar ce da ko ganinsa... to, bar wannan.

Na tuna girata, na ja ido baya. Na jingina da dutsen da nake jingina kullum, na jira ya fito da kafaɗa. Na roƙi kunamar a hankali.

Tsalle ɗaya ya yi ya faɗi a bakin ruwa.

Na daɗe a zaune ban tashi ba. Na ce Ilene, kin gani ko.

Curtis ne ya fara isowa da ya ji harbi, da ganin fuskarsa ya zo ne ya ga inda na kuskure. Shi na sa ya ja naman har sansani. Aka rataye shi a sandar ƙofa. Wendell ya zagaya shi, ya sa yatsa a ramin harsashin, daidai bayan kafaɗa, ya ce barewar ce ta yi tuntuɓe ta faɗa a kan harsashi. Na ce to a kawo wuƙa ka yanke mata riga.

Tudu ya zauna a hannuna. Na ci hanta da albasa har na kwance bel.

Juma'a, 17 ga Nuwamba

Rana dubu ta ɓarawo.

Wendell ya kuskure a fadamarsa. Da bakinsa ya faɗa, don Curtis yana kusa ya ji komai. Namiji ya tsaya masa a fili, ya ja kunama, sai ƙas. Bindigar da ta kwana a ɗumi ta yi gumi, da ta fita sanyi gumin da man suka daskare a cikin sakata. Kafin ya sake ɗana wani harsashi barewa ta zura, ya bi ta da harbi, ya sami itace.

Shugaba ba ya yanke wa kansa. Wanda namansa ke rataye shi ke karɓar wuƙa.

Na sa ya juya a gaban kowa kafin cin abinci. Na rera masa waƙar da ya rera mini bara, ban manta ko baiti ɗaya ba. Na yanke har kafaɗa, na ƙara kaɗan. Na kafa a bango sama da nawa biyun, da babbar ƙusa. Har Curtis ya yi dariya ya ɓoye a hula.

Abu ɗaya dai. Da rigar ta buɗe na ga bayansa. Mutumin da yake ɗaga gungume shi kaɗai, yanzu haƙarƙari a jere kamar katangar kara, wandon ma da igiya ya ƙara ɗaure shi. Ya yi maza ya jawo bargo, yana cewa in yi sauri, sanyi.

Ba ruwana. Ni na ci.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Na fita bakin titi inda waya ke kamawa don in ba Lorraine labari. Ta yi murna. Da na kai kan jelar rigar sai ta katse ni. Ta ce Kawu Wendell tun damina yake zuwa asibitin birni, ciwon a cikinsa yake, likita ya hana shi zuwa sansani, shi ya ce wannan ce ta ƙarshe, sai ya zo. Wai ya hana a gaya mini.

“Ya ce in kin faɗa wa babanki zai fara yi mini kirki, ni kuma ba zan iya jurewa ba.”

Ji rainin hankali. Wa ya ce zan yi masa kirki?

Bai fita yau ba. Yana gefen murhu yana kallon bindigarsa.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Na tashe shi da asuba na ce ya sa takalmi. Ya ce ina za mu. Na ce tudu, tunda barewa ɗaya doka ta ba kowa, ni na cika rabona, kuma na gaji da jin wai tuntuɓe barewa ta yi. A ga ko bindigar za ta yi aiki a hannun wanda bai iya ba.

Ni na ɗauki bindigar da kujera da butar kofi. Mun tsaya a hanya ba adadi. Na ce sawu nake dubawa, ya ce shi ma.

Na zaunar da shi a jikin dutsena, na ce ya ja ido baya in ba ya son ƙofar kabad. Ya riƙe ta da yatsu kamar za ta ɓata masa safar hannu. Ya kasa tsayar da bakinta wuri ɗaya, sai na durƙusa na ba shi kafaɗata ya ɗora gwiwar hannu. Don saitin bindigar na yi, kar a ɗora mata laifi.

Namijin da ya fito ƙarami ne, reshe biyu kowane gefe, ko rabin nawa bai kai ba. Harbi ɗaya.

Ya daɗe yana shafa robar. Ya ce kunamar ba ta da kyau. Na ce na sani. Ya ce waƙar nan ta ranar jana'iza, ita Ilene take rera masa suna yara in ya kasa barci. Na ce ban tambaye ka ba.

Curtis ya zo jan nama, na nuna masa ta inda bareyin suke ƙetare rafin, don kawai kar ya tattake mini wurin.

Bindigar ce ta yi, a rubuta. Na ce wa Wendell baɗi ya zo da kujerarsa, ba zan ƙara ɗaukar wa kowa kaya ba.