Dokin Maiwada da Bobuwar Fadama

Litinin, 4 ga Agusta, 1969
Yau arba'in ɗin yayana Maiwada. An yi sadaka, an watse. Matarsa Hansai ta ce in sayar da baƙin dokinsa, ba ta iya jin haniniyarsa. Na ce to. Shekara ashirin ina dillancin dabbobi, shi ma dabba ne.

Laraba, 6 ga Agusta
Dokin ya rame. Na turke shi a fadamar Toranke ya murmure kafin Alhaji Maikuɗi ya zo daga Gaya ya gani. Gaji Bafulatani ya wuce da shanunsa, ya ce, "Dillali, doki a fadama da damina? Ai bobuwa ka kai wa tuwo har ɗaki." Na yi dariya, don ita ake yi.

Asabar, 9 ga Agusta
Jini a wuyan dokin, jini a cikinsa. Na kashe bobuwa ɗaya, ƙudan nan mai cizon dabbobi, na juya ta a tafin hannu. Ido kore shar. Ba huda take yi ba, yanka take ta lashe. Wai macen ce kawai ke shan jini, namijin furanni yake bi, in ji Gaji. Ƙwai a ganyen ciyawa bisa ruwa, tsutsa cikin laka. Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Talata, 12 ga Agusta
Na dawo da shi gida. Na kwaɓa gawayi da man shanu na rufe miyakun, na goge shi har ya yi sheƙi, yadda nake wa kowace dabba. Da rana bobuwa suka yi masa caa. Ashe baƙi mai ƙyalli suka fi so.

Alhamis, 14 ga Agusta
Ya ƙi dusa. Jikinsa zafi. In na ba shi kanwa zai tsaya kyam gobe, sai an kai Gaya a gane. Na sha yi.

Juma'a, 15 ga Agusta
Alhaji ya zo, ya zagaya shi sau biyu, ya yaba. Na ji bakina yana cewa an riga shi. Ya tafi yana mita.

Na wanke gawayin. Na hura kashin shanu kusa da turke don hayaƙi ya kori bobuwa, na zauna da maficin Maiwada har la'asar. Ya ɗan taɓa dusa.

Hansai ta leƙo, ba ta yi zancen ciniki ba. Ta ce idona ya yi ja. Na ce kashin ne bai bushe ba.