Sifikar da Ta Fito da Kukan Jikata

Zuwa ga ɗana Bala,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya mai jego da jaririya? Mu nan Zuru lafiya lau, sai dai tun da ka turo bidiyon suna murna ta hana ni zama.

Ka san kunnen innarka. Ta manna waya har ta gaji, ba ta ji kukan jikarta ba. Sai na nufi shagon Emeka neman sifika mai sauƙin kuɗi. Ya kunna wata ƙatuwa, kiɗa na girgiza shago, ya ce, "Baba, wannan in ka sa fim, kamar kana ciki!" Na ce, "Kashe kiɗan, sa mini kukan nan." Guda huɗu muka gwada, mutane na leƙowa. Ƙatuwar ta mai da muryar kamar ta ɗan maraƙi. Wata 'yar ƙarama ce ta fito da ita tas, ita na ɗauko.

Innarka ta saurara sau uku, ta share hawaye, ta ce kukan yunwa ne. Yanzu ita ma ta kasa zama. Don Allah a shayar da yarinyar nan ta ƙoshi, ka turo wani bidiyon.

A sa mu a addu'a. Ka gai da surukarmu.

Mahaifinka